Tsare Gurbin Haƙoran Nono da Suka Faɗi Kafin Famfara: Abin da Ya Dace da Yaran Garou

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke biyo bayan rasa haƙorin nono kafin lokacin famfara, da hanyoyin da likitancin haƙori ya tanada don tsare wa magajinsa wuri. Ta auna waɗannan hanyoyi da halin da ake ciki a Garou, ɗaya daga cikin gundumomi 5 na ƙaramar hukumar Malanville, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin. Matsayar takardar ita ce, ƙarfen da ake saka wa yaro a baki don riƙe gurbi amfaninsa ya rataya ne a kan bibiya, kuma inda bibiya ke da wuya ya kamata ƙarfinmu ya tafi wajen ceto turmin nono tun yana baki, sannan a tantance yaran da giɓinsu ya cancanci doguwar tafiya.

Gabatarwa



Duk wanda ya saba duba bakin yara a ƙasar Hausa ko ta Dandi ya san amsar da uwa ke bayarwa idan aka nuna mata turmin ɗanta da ya ruɓe: "Likita, ai na nono ne, a cire kawai, wani zai fito." Maganarta akwai gaskiya a ciki, domin wani zai fito. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne, turmin da aka cire wa ɗan shekara 5, magajinsa ba zai leƙo ba sai yaron ya kai shekara 10 zuwa 12, kuma a tsawon wannan lokaci haƙoran da ke gefen giɓin ba tsayawa suke yi su jira shi ba.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 kan lafiyar baki ya ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran nono a duniya, kuma ruɓewar da ba a kula da ita ba ita ce babbar hanyar da ke kai haƙori ga cirewa kafin lokacinsa. Hukumar ta kuma nuna cewa tsakanin 2014 da 2019 yankin Afirka yana da likitocin haƙori kusan 3.3 ne ga kowane mutum 100,000, wato wajen kashi ɗaya bisa goma na abin da ake da shi a duniya baki ɗaya. Waɗannan ƙalilan ɗin ma a manyan birane suka taru. Littattafan da muka karanta an rubuta su ne da tunanin yaron da likitansa ke unguwarsu. Yaron Garou kuwa yana bakin kogin Neja, fiye da kilomita 700 daga Kwatano.

Abin da ke faruwa bayan haƙori ya fita

Haƙoran nono 20 ne. Suna fara tsirowa a wajen wata 6, su kammala kafin yaro ya cika shekara 3. A kowane ɓangare na muƙamuƙi akwai na gaba 2, fiƙa 1, da turame 2. Manyan haƙoran da za su gaje su suna kwance a cikin ƙashi ƙarƙashin saiwoyinsu, kuma saiwar haƙorin nono ita ce hanyar da magajin ke bi yana narkar da ita har ya fito. Turmin nono na farko yakan faɗi tsakanin shekara 9 da 11, na biyu tsakanin 10 da 12.

Akwai haƙori guda da iyaye da yawa ba su san da zuwansa ba. A wajen shekara 6 wani babban turmi yana tsirowa a can ƙurya, bayan turmin nono na biyu, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Saboda ba a ga famfara a wurin ba, ana ɗaukarsa na nono, alhali na dindindin ne. A wannan takarda zan riƙa kiransa turmin shekara 6. Yana fitowa ne yana jingine da bayan turmin nono na biyu, kuma ɗabi'arsa ce ya riƙa turawa gaba. Haƙora a jere kamar sahun salla suke: mutum ɗaya ya fita, na gefensa su matso su toshe giɓin, wanda ya zo daga baya ya tarar babu wurin tsayawa. Idan turmin nono na biyu ya tafi da wuri, turmin shekara 6 ya matso gaba. A muƙamuƙin sama yakan taho da jikinsa duka yana ɗan juyawa, a na ƙasa kuma ya fi yawan karkatowa ya kwanta cikin giɓin. Magajin da ke ƙasa, idan lokacinsa ya yi, ko ya maƙale a cikin ƙashi, ko ya ɓullo ta wajen ganɗa ko ta wajen harshe.

Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne saurin abin. Mafi yawan wurin da za a rasa a cikin wata 6 na farko bayan cirewa ake rasa shi. Wanda ya zo bayan shekara guda yana neman a tsare gurbi, sau da yawa ya makara.

Halitta ta ɗan bar mana rara. Faɗin fiƙar nono da turamenta 2 idan aka haɗa ya ɗara faɗin manyan haƙora 3 da za su maye gurbinsu. Hays Nance, a aikinsa na 1947, ya ƙiyasta wannan rara da milimita 0.9 a kowane gefe na sama, da 1.7 a kowane gefe na ƙasa, masu bincike na baya kuma sun samu adadin da ya ɗan fi haka. Ko da wane adadi aka ɗauka, rarar ba ta kai faɗin rabin haƙori ba, kuma turmin da ya matso da wuri yana iya cinye ta gaba ɗaya ya ƙara da wani abu.

Ba kowane giɓi ne ke neman ƙarfe ba

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne ake yawan yin ɓarnar kuɗin iyaye, a nan ne kuma ake yin sakaci da yaron da ya fi bukata.

Haƙoran gaba su suka fi tayar wa iyaye hankali saboda su ake gani. Amma idan fiƙoƙin nono sun riga sun fito, rasa na gaba bai cika rage tsawon jerin haƙora ba. Abin da yake taɓawa shi ne kyan fuska, da cizon abinci, wani lokaci da furta wasu sautuka. Idan an yi wa yaro haƙoran roba a gaba, don waɗannan dalilai aka yi, kuma iyayen da ba su da hali kada a ɗora musu laifi.

Fiƙar nono idan ta faɗi da wuri a gefe ɗaya, musamman a ƙasa, haƙoran gaba sukan zame zuwa wannan gefe, tsakiyar jerin ta kauce. Sau da yawa faɗuwar tata alama ce ta cewa muƙamuƙin ya yi wa haƙoran kaɗan tun asali, babban haƙorin gaba ne ya cinye saiwarta yana neman wuri. Irin wannan yaro ƙwararren mai gyaran jerin haƙora ya kamata ya gan shi.

Turmin nono na farko shi ne wanda masana suka fi saɓani a kansa. Lin da abokan aikinsa a Taiwan, a binciken da suka wallafa a 2007, sun bi yaran da aka cire wa turmin nono na farko na sama a gefe ɗaya, suna gwada gefen da ɗayan. Bayan wata 6 wurin da aka rasa kusan milimita 1 ne, kuma akasarinsa fiƙa ce ta ja baya. Wannan ya sa suka yi shakkar wajabcin saka ƙarfe a irin wannan hali. Ra'ayina shi ne, idan turmin shekara 6 ya riga ya fito ya zauna daram, ya haɗu da abokinsa na ɗaya muƙamuƙin, kuma turmin nono na biyu yana da lafiya, to sa ido ya wadatar, ballantana a wurin da likita ke da nisa. Idan kuwa an rasa shi turmin shekara 6 bai fito ba, ko yana cikin fitowa, haɗarin ya fi yawa.

Turmin nono na biyu shi ne uban tafiya. Shi ya fi kowane haƙorin nono faɗi, shi ne kuma shingen da ke tare turmin shekara 6. Rasa shi tsakanin shekara 4 da 8 shi ke jawo asarar wuri mafi girma, kuma mafi munin lokaci shi ne gab da fitowar turmin shekara 6, domin babu abin da zai nuna masa inda zai tsaya.

Bayan sanin wane haƙori ne, sai a duba magajin. Shekarun haihuwa ba su kai shekarun haƙori muhimmanci ba, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙauyukan da ba kowane yaro ke da takardar haihuwa ba. Babban haƙori yakan huda dasashi idan saiwarsa ta kai kusan kashi 3 cikin 4 na tsawonta, kuma a ƙiyasin da aka saba da shi yana ɗaukar wata 4 zuwa 5 kafin ya ratsa milimita 1 na ƙashin da ke kansa. Idan ƙurji ya riga ya cinye ƙashin, magajin na iya ɓullowa da wuri da guntuwar saiwa. Akwai kuma yaran da magajin bai halittu ba sam, kuma na turmin nono na biyu na ƙasa yana cikin waɗanda aka fi samun haka a kansu. Duk waɗannan hoton eksire ne kaɗai ke nuna su. Saka ƙarfe ba tare da hoto ba, aiki ne a cikin duhu.

Sai lissafin wuri. Tanaka da Johnston a 1974 sun ba da hanya mai sauƙi: a auna faɗin manyan haƙoran gaba 4 na ƙasa, a raba jimlar biyu, a ƙara milimita 10.5 don ƙiyasta wurin da fiƙa da magadan turame 2 za su ci a gefe ɗaya na ƙasa, ko milimita 11 don na sama. Sai dai a kan yaran Amurka masu asalin Turai aka gina lissafin, kuma girman haƙori yana bambanta tsakanin al'ummomi. Wannan ne ya sa Diagne da abokansa suka fitar da jadawali na musamman ga yaran Senegal a 2003. Mai aiki a kwarin Neja ya ɗauki lissafin Tanaka da Johnston a matsayin ƙiyasi, ya haɗa da abin da idonsa ya gani na wushirya da tazarar haƙoran yaron. Yaron da haƙoransa na nono suke a wawware yana da sauƙi a kan wanda nasa suke a cunkushe.

Mariƙan gurbi da abin da suke nema

Wanda aka fi amfani da shi shi ne zobe da lanƙwasa. Ana saka zoben ƙarfe a haƙorin da ke bayan giɓi, a liƙa masa waya mai lanƙwasa da za ta tsallaka giɓin ta tokari haƙorin gaba. Ya dace da haƙori ɗaya a gefe ɗaya. Idan haƙorin da zai ɗauki zoben shi ma ya ci ruɓa, sai a sa masa hular ƙarfe a haɗa wayar da ita. Idan an rasa turame a gefe biyu na ƙasa, ana yin bakan waya da zai bi ta bayan haƙoran gaba ya haɗa turamen shekara 6 na hagu da dama, amma ba a saka shi sai manyan haƙoran gaba sun fito, domin ta wajen harshe suke tsirowa, wayar za ta tare su. A sama akwai na Nance, mai ɗan faifan roba da ke zama a ganɗa, da wani da ke tsallaka ganɗa kai tsaye. Akwai na cirewa da mayarwa, wanda nasararsa ta dogara da yaron da zai yarda ya riƙa sawa. Akwai kuma na zaren gilas da ake mannawa a zama ɗaya ba tare da ɗakin ƙira ba, sai dai yana bukatar wuri busasshe lokacin mannawa, kuma yakan ɓalle.

Mafi wuyar sha'ani shi ne wanda ake yi idan turmin nono na biyu ya tafi alhali turmin shekara 6 yana cikin dasashi. Yana da ɗan harshen ƙarfe da ke nutsewa cikin nama don ya yi wa babban turmin jagora. Dole a ɗauki hoto kafin sakawa da bayan sakawa, dole a canza shi da zarar turmin ya fito, kuma ba a yi wa yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni ko mai wasu cututtukan zuciya. A yankin da sikila da tamowa ba baƙi ba ne, ban ga dalilin da zai sa a bar ƙarfe a cikin naman yaron da ba a da tabbacin sake ganinsa ba.

Ko a inda komai ya wadata, waɗannan na'urori ba su da tsawon rai. Qudeimat da Fayle sun bi diddigin guda 301 da aka saka a asibitin koyar da likitancin haƙori na Leeds a Ingila, suka wallafa a 1998 cewa kashi 63 cikin 100 sun lalace, matsakaicin ransu kuma wata 7 ne, babban dalili shi ne sakin simintin da ke riƙe zobe. Mu tuna cewa yaron da aka saka wa yana da shekara 6 zai bukace shi shekara 4 ko 5. Zoben da ya saki bai fita ba abinci yana taruwa a ƙarƙashinsa, turmin dindindin ya ruɓe a ɓoye. Wayar da ta lanƙwashe tana nutsewa cikin dasashi. Wadda aka manta ba a cire ba tana iya tare magajin da aka saka ta dominsa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a duba yaro aƙalla duk wata 6, kuma kada a saka wa wanda bakinsa ke cike da ruɓa ko wanda ba ya wanke baki.

Garou: nisa, ruwa da iyaka

Ƙidayar 2013 ta ba ƙaramar hukumar Malanville mutum sama da 168,000, a gundumomin Malanville, Garou, Guéné, Madécali da Toumboutou. Dandawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani ne ke zaune tare, ana noman shinkafa da albasa a fadamun kogi, ana su, ana kiwo, ana kasuwanci da Gaya ta Nijar da garuruwan jihar Kebbi ta Najeriya. Kandi, babban birnin jihar, tana da nisan kusan kilomita 100, Paraku mai asibitin koyarwa na jami'a kuma ta haura 300.

Zobe da lanƙwasa yana son zama biyu aƙalla, ɗaya na gwada zobe da ɗaukar siffar baki, ɗaya na sakawa bayan an ƙera, sannan dubawa sau biyu a shekara, ban da ranar da ya saki. Kowace tafiya kuɗin mota ce ta mutum biyu da asarar yinin aiki. A ƙarshen damina kogi yakan cika ya malale fadamun Malanville da Karimama, hanyoyin ƙauye su yanke. Iyalan makiyaya da masunta suna tashi da yaransu gwargwadon lokaci. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar kuma, rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ya dagula zirga-zirgar da mutanen gaɓa biyu suka saba yi don neman magani. Iyali na iya fara aiki wajen likita a wata ƙasa, ranar dubawa ta zo hanya ta toshe.

Ba ina cewa yaran Garou ba su cancanci abin da yaran Kwatano ko Kano ke samu ba. Sun cancanta, kuma ya kamata a ci gaba da neman a kawo likita da na'urar hoto kusa da su. Amma likitan da ya liƙa ƙarfe a bakin yaro ya ɗauki alkawarin shekaru, kuma tambayar "za ku iya dawowa?" tana da nauyi daidai da hoton eksire wajen yanke shawara.

Ceto turmin tun yana baki

Babu mariƙin gurbin da ya kai haƙorin da kansa. Faɗinsa daidai yake da wurin, yana tauna, yana hana na ɗaya muƙamuƙin zubowa, kuma idan lokaci ya yi shi ke faɗuwa ba sai an je an cire ba. Abin farin ciki shi ne, hanyoyin ceto shi a yau ba duka ne ke bukatar wutar lantarki ko injin huda ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da abubuwa 3 cikin jerin muhimman magunguna: man goge baki mai fuloraid, ruwan azurfa mai fuloraid, da simintin gilas ayonoma. Ruwan azurfa, mai ƙarfin kashi 38 cikin 100, ana ɗiga shi ne a kan ramin ruɓa da ɗan burushi, ya tsayar da ita, kuma ya fi aiki idan ana maimaitawa sau biyu a shekara. Aibinsa shi ne wurin yana komawa baƙi, don haka sai an yi wa iyaye bayani sun amince. A turamen ƙurya baƙin ba ya damun kowa. Simintin gilas ayonoma kuwa shi ake cike rami da shi bayan an kankare ruɓa da kayan hannu, dabarar da Jo Frencken ya fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, a yanayin da bai fi na Garou wadata ba. Akwai kuma dabarar Hall daga Sikotilan, wadda aka fara bayyanawa a rubuce a 2006: a kifa wa turmin hular ƙarfe a rufe ruɓar ruf, ba allura, ba huda, sai ta rasa abincin da take ci ta tsaya. Ga turmin nono na biyu da ruɓa ta ci gefensa, wannan hula tana maido masa da faɗinsa, abin da ke da muhimmanci domin ramin da ke tsakanin haƙora biyu shi kansa yana sa a rasa wuri tun ba a cire komai ba.

Dukansu suna da iyaka ɗaya. Idan ruɓa ta kai jijiya, yaro yana kwana kuka, ko dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya, rufe haƙorin cutarwa ce. Nan sai aikin jijiya wajen likita, ko cirewa. Kada son tsare gurbi ya sa a bar ƙurji a bakin yaro, domin yana iya ɓata magajin da ke ƙasa, yana iya kumbura fuska har ya zama barazana ga rai. Saboda haka gaba ɗayan dabarar ta tsaya ne a kan gano ramin da wuri.

Wa zai gano shi? Makarantun firamare na Benin daga ajin CI zuwa CM2 suna riƙe da yara daidai shekarun da haƙoran nono da manya ke cakuɗe a baki. Tun 2017 gwamnati ke gudanar da shirin ciyar da ɗalibai a makarantun gwamnati. Inda yara ke cin abinci tare, ana iya sa su goge baki tare da man da ke da fuloraid 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, malami yana kallo. Asuwaki yana da amfaninsa wajen share datti, kuma ba sai an raba mutane da shi ba, amma ba ya ɗauke bukatar fuloraid. Ga waɗanda ba su isa makaranta ba, ungozoma da ma'aikacin allurar rigakafi da wakilan lafiya na ƙauye su ne ke ganinsu. A koya musu ɗaga leɓe da leƙa ƙurya, su gaya wa uwa ta sa man kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, su yi mata maganar alawa da biskit da lemon kwalba da sukarin da ake zubawa a koko da shayi. Wannan duban baki ɗaya zai taimaka wajen gano farkon cutar noma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023, wadda kuma asibitin yara na Sakkwato ke fama da ita tun 1999. Wanzamai ma, da yake wajensu ake fara kai ciwon haƙori a ƙauyuka da dama, ya kamata a zauna da su cikin mutunci a nuna musu turmin shekara 6, a roƙe su kada su taɓa shi.

Idan cirewa ta zama dole

Wanda ya cire haƙorin, ko likita ne ko ma'aikacin jinya, aikinsa bai ƙare da tsayawar jini ba. Ya rubuta a littafin lafiyar yaron, wanda ake kira karne, ranar cirewa, da wane haƙori ne, da ko turmin shekara 6 ya fito. Idan na gaba ne, ko yaron ya kusa shekara 10 kuma ana jin tudun magajin a ƙarƙashin dasashi, ya kwantar wa iyaye hankali. Idan turmin nono na farko ne kuma turmin shekara 6 ya zauna, ya ce a dawo da shi cibiyar lafiya bayan wata 3 a duba giɓin. Idan turmin nono na biyu ne a yaro ɗan ƙasa da shekara 9, ko turame da yawa, ko fiƙa a gefe ɗaya, wannan shi ne yaron da za a tura, kuma cikin makonni. Bayanin ba ya bukatar dogon turanci: "Inna, wannan da aka cire shi ke riƙe wa babba wurinsa. Na bayansa zai matso kafin wata 6. Ki gaya wa maigida a kai shi a duba kafin wata mai kamawa ya ƙare."

Yaron da ya rasa turmin nono na biyu alhali turmin shekara 6 bai fito ba, a ganina gara a jira babban ya huda dasashi, sannan a saka abin da ya dace ko a tura shi baya. Wurin da bai wuce milimita 3 ba ana iya dawo da shi da na'ura mai sauƙi. Abin da ya haura haka aikin ƙwararre ne na dogon lokaci, kuma gaskiya ita ce a faɗa wa iyaye tun farko.

Wanda aka saka wa zobe da lanƙwasa a Kandi ko Paraku ba sai ya koma can duk wata 6 ba, muddin akwai mai duba shi a gida. Abin da ake dubawa kaɗan ne, kuma ma'aikacin jinya a Garou zai iya: ya taɓa zoben ya ji ko yana motsi, ya ga ko wayar ta shiga nama, ya duba ruɓa a gefen zoben, ya leƙa ko farin kan magajin ya ɓullo a cikin lanƙwasar. Ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, a mayar da yaron. Hoton waya da aka aika wa likitan ta WhatsApp yakan isa a yanke shawarar ko tafiyar ta gaggawa ce. Likitan da ya saka kuma ya rubuta a karne shekarar da yake sa ran cirewa, ya bar lambar da za a same shi, ya tabbata an fassara wa iyaye da Dandanci ko Hausa ko Fulatanci. Ranakun dubawa a ɗora su a kan ranakun kasuwar Malanville, lokacin da motoci ke tashi daga ƙauyuka, ɗaya bayan an gama girbi, ɗaya kafin ruwa ya sauka, don kada ɗayansu ya faɗo a watannin Agusta da Satumba.